DAGA GABU ZUWA DALMA: TARIHIN TSAKAR GIDA A ƘASAR GUMMI

Idan aka ambaci Gummi, abin da yakan fara faɗo wa mai karatu shi ne Shehu Abubakar Mahmud Gummi, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 1992. Ba kowa ya san cewa tun kafin jihadi garin ya yi suna wajen fatauci ba. Wani masanin tarihi, Paul Lovejoy, ya nuna a binciken da ya buga a 1973 cewa Kambarin Barebari, wato ɗaya daga cikin manyan rukunan fataken goro na ƙasar Hausa tare da Agalawa da Tokarawa, a Gummi suka yada zango bayan sun baro Barno, daga nan ne kuma da yawansu suka bazu zuwa Kano.

To, me waɗannan fatake ke ɗaure wa jakuna idan za su Gwanja? Akwai kanwa, wadda daga nesa ake kawo ta. Amma tufafi da jemammun fatu da gabu, ai duk kayan gida ne. Gabu dai ganyen albasa ne da ake dakawa a dunƙule a shanya, ya yi watanni bai lalace ba, har ya isa kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau. Ka duba fa, abin da mace ta daka a turminta a bakin gulbin Zamfara shi ne ke komawa goro.

Nan ne nake so 'yan'uwa marubuta mu tsaya. Gona ba ta ciyar da gari ita kaɗai, sai amfaninta ya bi ta tsakar gida. Auduga idan ta zo, mata ne ke gurje ta, su shiɓe, su kaɗa da mazari, sa'an nan zaren ya tafi wurin masaƙa, daga can sai marina. Gyaɗa ta zama mai da ƙuli-ƙuli. Kalwar ɗorawa ta zama daddawa, ƙwaran kaɗanya su zama man kaɗe, shinkafar fadama a turara ta a sussuke, duma ya zama ƙwarya da ludayi. Da kuɗin nan ake yi wa 'ya mace kayan ɗaki, da su ake cike gurbi idan rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina. Abin mamaki, a littattafanmu na soyayya da wuya ka tarar da uwar yarinya tana wata sana'a, sai ka ce daga sama kwanonin jeren ke faɗowa.

Zuwan Turawa ya karkatar da hanya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyo jirgi daga Ikko, ayarin jakuna ya ja baya. A 1929 layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda, ya bar Gummi can yamma. Auduga kuma aka shiga awonta ɗanya ana kai ta injin gurza, ta wuce Ingila, ta dawo a matsayin akoko da atamfa. Ba rana ɗaya kaɗi ya mutu ba, amma kowace shekara mazarai na raguwa. Sana'o'in abinci su ne suka jure, har ma injin niƙa ya zo ya rage wa mata wahalar dutse.

Wannan injin ne kuma ya shiga cikin babban abin baƙin cikin da ya auka wa yankin. Bayan 2008 zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka dukufa haƙo duwatsu. Ina za su sarrafa su? Inda suka saba sarrafa komai, wato cikin gida. Aka riƙa farfasa dutse a tsakar gida, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ana shanya garin inda yara ke rarrafe. Ashe duwatsun cike suke da dalma. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na ta mutuwa bayan sun yi ta jijjiga, a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta da Abare. Yaran da suka rasu sun kai 400, dubbai kuma aka same su da gubar a jini.

A ganina kuskure ne a kira wannan kwaɗayi kawai. Manomin da kakarsa ta yi gabu ta yi kaɗi, bai ga wani baƙon abu ba don ya kawo sabuwar sana'a tsakar gida, kuma abin da yakan samu daga buhun dutse ya fi na gero nesa ba kusa ba. Babu wanda ya gaya masa wannan ƙurar daban take da ƙaiƙayi.

Maganin da aka yi shi ne kankare ƙasar tsakar gidaje, a kwashe ta a binne a bayan gari, a zubo sabuwa, kafin a fara ba yara magani, don idan an yi wa yaro magani ya koma gidan da ba a gyara ba, aikin banza ne. Ƙauyen Bagega, wanda ya fi sauran girma, sai da ya jira kuɗin gwamnatin tarayya har 2013 kafin a taɓa ƙasarsa.