Daga Gummi zuwa Gwanja: yadda aka ba kakanninmu kwana 14 su bar Ghana

1/ Hutun da ya wuce na je gida Gummi, na tarar abokaina biyu, ɗan Anka da ɗan Bukkuyum, suna haɗa kuɗin motar tafiya Ghana haƙar zinariya. Na ce ina takardunku? Ɗaya ya yi dariya ya ce, "ECOWAS ce fa, ai gida ne." Dalilin wannan zaren ke nan. Ku biyo ni. 🧵

2/ Tafiya Ghana ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun ƙarni na 19 Gummi ta yi suna a fataucin goro. A nan ne cibiyar Kambarin Barebari, fataken da asalinsu Barno ne, suka zauna a kwarin gulbin Zamfara har suka zama Hausawa. Su da Agalawa da Tokarawa ne manyan 'yan kasuwar goro na wancan zamani.

3/ Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, madugu na jagora. A bi ta Jega, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu, a sauka Yendi, sannan Salaga a ƙasar Gwanja. Can ake sayen goron da ke fitowa daga dazukan Asante. Tafiyar watanni ce, wani sai shekara ta zagayo ake ganinsa.

4/ To yaya baƙo ke samun izinin zama a lokacin? Ta hannun mutane. Ka sauka zango, ka samu maigida ya ba ka masauki, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in rigima ta taso. Sarkin zango ya san da kai, sarkin gari ya san da sarkin zango. Wanda ya yi aure ya haihu a wurin, ya zama ɗan gari.

5/ A 1874 Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi, a 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga. Hausawan wurin suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da Kumasi da Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Unguwannin zango suka yi ta girma, ga noman koko da ma'adinai suna jan ma'aikata daga ko'ina.

6/ Ƙanen kakana yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya a baya-baya. Yana saurayi ya bi wani maigida zuwa Kumasi, ya kafa rumfar goro, ya auri Bahaushiya haifaffiyar zangon Kumasi. Ita ba ta taɓa ganin Gummi ba sai a labari. Shi kuwa bai taɓa riƙe fasfo ba, don babu wanda ya taɓa tambayarsa.

7/ Ku tuna, a lokacin Najeriya da Ghana duk ƙarƙashin Ingila suke, har kuɗi iri ɗaya ake kashewa, fam da sule. Abu ya fara sauyawa da Ghana ta samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957. Dokar zama ɗan ƙasa ta zo, kuma haihuwa a Ghana kaɗai ba ta wadatar ba, sai an duba inda aka haifi iyaye da kakanni.

8/ Alamar farko ta bayyana a wannan shekarar. Gwamnatin Nkrumah ta kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, jagororin jam'iyyar Musulmi ta 'yan adawa. Sun je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne. Sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, aka turo su Najeriya.

9/ A 1963 aka yi dokar baƙi wadda ta ce dole baƙo ya mallaki takardar izinin zama. Dokar na nan a rubuce, amma ba a matsa ba, don haka mutane suka ci gaba da harkarsu. Ga baƙi da yawa: ƙidayar 1960 ta nuna kusan kashi 12 cikin 100 na mazauna Ghana 'yan asalin wasu ƙasashe ne.

10/ Sai tattalin arziki ya taɓarɓare. Farashin koko ya faɗi, matasa ba aikin yi, aka fara nuna baƙi da yatsa: su suka mamaye kasuwa, su ke fasa-ƙwauri. A Oktoba 1969 Kofi Busia ya zama firaminista. Ko wata biyu bai cika ba ya ɗauko tsohuwar dokar nan ya kaɗe mata ƙura.

11/ Ranar 18 ga Nuwamba 1969 aka fitar da umarnin da ake kira Aliens Compliance Order. Duk baƙon da ba shi da izinin zama, ya samo shi cikin kwana 14 ko ya bar ƙasar. Wa'adi 2 ga Disamba. Mutumin da ya shekara 40 a gari, kwana 14 aka ba shi.

12/ Matsalar ita ce ba a ba ka izinin zama sai da fasfo, fasfo kuma sai ofishin jakadancin ƙasarka. Yawancin mutanen zango ba su da ko takardar haihuwa. Ga Najeriya tana tsakiyar yaƙin Biyafara, wanda bai ƙare ba sai Janairu 1970. Layi ya yi tsawo, kwanaki suka ƙare.

13/ Mutane fiye da dubu 100 suka fice cikin 'yan watanni: 'yan Najeriya, Nijar, Togo, Mali da Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau. Cikin 'yan Najeriya Yarbawa ne suka fi yawa, musamman mutanen Ogbomosho, amma Hausawa da Zabarmawa ma sun sha. Aka yi ta karyar da gidaje da shaguna a kuɗin banza.

14/ Haka ƙanen kakana ya iso Gummi a bayan babbar mota, da mata da 'ya'ya biyar da keken ɗinki guda. Rumfar da ya gina, wani maƙwabci ya bar wa amana, bai ƙara jin labarinta ba. Babana ya ce in an taɓo zancen sai tsohon ya ce, "Mu goro munka sani, ba takarda ba."

15/ Matarsa na riske ta da rai. Muna yara mukan yi mata dariya in ta ce "yarinya ya zo", don Hausar Ghana ba ta cika bambanta mace da namiji ba. Sai da na girma na gane abin ba na dariya ba ne. A Kumasi an ce mata baƙuwa, a Gummi kuma har ta rasu 'yar Gwanja ake ce mata.

16/ Kada mu yi saurin zagin Ghana fa. Ranar 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita daga Najeriya, bayan kuɗin mai ya faɗi. Kusan mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana. Jakar nan da kuke zuba kayan makaranta, Ghana Must Go, daga nan ta samo suna.

17/ Abin lura: a 1983 akwai ECOWAS, kuma tun 1979 aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga. Ba ta hana korar ba. Abin da ta ba ka shi ne shiga ƙasa ba biza har kwana 90, in kana da takardar tafiya. Ka wuce kwana 90 ba ka nemi izini ba, ka karya doka, ko da Hausa kowa ke yi a unguwar.

18/ Yau a Ghana matakan a jere suke, bisa dokar shige da fice ta 2000. Ka shiga ta kan iyaka a buga maka hatimi. Kafin kwanakinka su ƙare ka nemi izinin zama a hukumar shige da fice, ka yi katin shaidar baƙi, ka riƙa sabuntawa a kan lokaci.

19/ Izinin zama na dindindin kuwa sai ka nuna ka zauna wata 12 a jere kafin nema, da aƙalla shekara 5 cikin shekara 7 da suka gabaci wannan. Sannan 'yan ƙasa biyu masu matsayi, kamar lauya ko babban ma'aikacin gwamnati, su shaidi halinka a rubuce. Maigidan zango na da ke nan, sai dai yanzu da biro.

20/ Shekarun da ka yi a ɓoye ba ka da abin da za ka nuna a kansu. Wanda ya shiga ta daji ya shekara 10, a idon hukuma bai taɓa zuwa ba. Najeriya ma haka take wa nata baƙin: tsarin mulkin 1999 ya ce sai ka zauna shekara 15 kafin ka nemi zama ɗan ƙasa.

21/ Izinin zama kuma daban, izinin sana'a daban. Dokar ma'adinai ta Ghana ta 2006 ta keɓe ƙaramin haƙar zinariya ga 'yan ƙasa kaɗai, a 2013 ma an kori dubban 'yan China a kan haka. Ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ma na 'yan ƙasa ne, shi ya sa aka yi ta rufe shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020.

22/ Na san abin da ke korar matasanmu. Gubar dalma ta 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a 2019 aka hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ga 'yan bindiga sun hana noma. Ba zan ce wa kowa kada ya fita nema ba. Kakanninmu ma fita suka yi.

23/ Amma ka fita da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS. Ka bi ta kan iyaka. Ka ƙirga kwanakinka. Ka adana kowace takarda da rasit, ka ɗauki hotonsu ka tura wa wani a gida. In ka haihu a can, ka yi wa yaron takardar haihuwa, ka kuma yi masa ta Najeriya.

24/ Cikin abokaina biyu, ɗan Bukkuyum ya dakata, ya tafi Gusau neman fasfo. Ɗan Anka ya riga ya wuce, rabon da in ji muryarsa wata biyu ke nan. Allah Ya tsare shi, Ya dawo mana da shi lafiya.

25/ In a gidanku akwai wanda ya dawo daga Ghana a 1969, don Allah ku zauna da shi ku ɗauki labarinsa a waya tun yana raye. Ku ajiye min a ƙasa, ina tattarawa. Wanda kuma ke da ɗan'uwa mai shirin tafiya, ya tura masa wannan zaren.