Kama Hayar Ɗaki Tare da Abokin Zama a Gyallesu, Zariya

Gyallesu ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Zariya. Tana wajen ganuwar birnin Zazzau, maƙwabtaka da Tudun Wada da Kongo. Kusancinta da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, da kuma makarantar horar da malamai da aka fi sani da FCE, ya sa ɗalibai da ƙananan ma'aikata daga ƙauyuka suke neman ɗaki a cikinta. Da yawansu sukan haɗa kuɗi su biyu su kama ɗaki guda.

Galibi ta hannun dillali ake samun ɗaki, kuma yana da la'adarsa. Muna ba da shawara kada a biya ko kwabo sai masu neman su biyu sun ga ɗakin da idonsu, sun duba ruwa da makewayi, sun kuma tambayi ko akwai tsohon bashin wuta a kan gidan. Mai gida kan nemi katin shaida da wanda zai tsaya wa baƙo, kuma yawanci kuɗin shekara ake karɓa a dunƙule.

Inda aka fi samun matsala shi ne wajen rubuta suna. Sau da yawa mutum biyu ne suka biya, amma sunan ɗaya kaɗai ke kan rasit. Ranar da aka saɓa, wanda babu sunansa ba shi da hujjar da zai nuna, ko da shi ya biya kaso mafi tsoka. Shi kuwa mai sunan, shi za a bi bashin haya da na ɓarna idan abokinsa ya kwashe kayansa ya tafi. Saboda haka a sanar da mai gida tun farko cewa mutum biyu ne za su zauna, a sa sunayensu duka a rasit da takardar yarjejeniya. Su ma abokan zaman su rubuta tasu takardar a gaban shaidu: kason kowa, rabon kuɗin wuta, da yadda za a yi idan ɗaya ya tashi shekara ba ta cika ba. Kunya ce kan hana 'yan gari ɗaya yin wannan, alhali rigimarsu ce ta fi wuyar kashewa, domin takan kai har ga iyaye.

Idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, ƙa'idar da kotuna suke bi ita ce a ba mai hayar shekara sanarwar tashi ta wata 6, mai hayar wata kuma wata 1. Mai gida ba shi da ikon fitar da kayan ɗan haya ko canza kwaɗo ba tare da umarnin kotu ba.

Muna roƙon masu unguwanni da dagatai da aka kawo wa irin wannan ƙara su fara neman ganin rasit kafin su shiga sulhu.