Daga Lalle Zuwa Fulawa: Tarihin Furen Amarya A Kano

Duk wanda ya halarci dinar biki a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a 'yan shekarun nan, da wuya bai ga amarya ta shigo rungume da ƙunshin furanni ba. Mu da muka tashi a waɗannan unguwanni mun san iyayenmu ba su yi haka ba. Shin daga ina al'adar ta zo mana?

Bahaushe ya san fure tun fil azal, amma ya fi kallonsa a matsayin alamar 'ya'yan da itace zai yi. Shukar da ta zama ta amarya a wurinmu ita ce lalle. Furensa na da ƙanshi, sai dai ganyensa ake daka a kwaɓa a yi ƙunshi, har aka sa wa rana guda ta biki sunan sa-lalle. Ƙanshi kuwa turaren wuta da humra, waɗanda matan Barno suka shahara da haɗawa, su suka ɗauke wannan nauyi.

Fure ya fara shiga ɗakin amarya ne a zane. Kwalla da langa da ake jerawa a bango, da atamfar lefe, duk cike suke da hoton furanni.

Riƙe fure a hannu kuwa hanya biyu ya biyo. Ta farko ta Turawa ce. A 1840 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi aure cikin farar riga da adon furen lemo, sauran amaren Turai suka kwaikaya, daga baya abin ya iso Nijeriya ta hanyar auren coci. Ta biyu ita ce finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima na Kano suka shafe shekaru suna nunawa, inda saurayi ke miƙa fure a lambu. Daga nan littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990 suka ɗauka, sannan finafinan Hausa da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990, waɗanda da yawan masu shirya su suka kafa ofisoshi a Titin Gidan Zoo, maƙwabcin Gyaɗi-Gyaɗi. Ashe mu marubuta muna da hannu dumu-dumu. Kalmar ma aro ce: fulawa, mai kama da sunan garin da ake yin burodi.

Sai dai wardi ba ya jure zafin Kano, inda a watan Afrilu ma'auni kan kai 40. Ɗanyen fure kan yi yaushi kafin a gama ɗaukar hoto, shi ya sa yawancin amare ke zaɓen na roba. Wanda ya nace sai ɗanye, to sai ya biya kuɗin kawo shi daga nesa.

Ba mu ce a hana amarya furenta ba, al'ada ba ta zama wuri guda. Abin da muke ji wa tsoro shi ne uba ya ci bashi saboda abin da za a jefar da asuba, alhali kayan ɗaki ba su cika ba. Tunda alƙalaminmu ya taimaka wajen shigo da fulawa, ya kamata ya kuma tuna wa 'yan mata cewa lallen hannunsu zai kwana ashirin bai gushe ba.