Jijiya da Vas: Tarihin Sunayen Hanyoyin Jini a Birnin Kano

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun kalma guda, watau jijiya, don a ga yadda ta yi ta haɗuwa da baƙin kalmomin likitanci a cikin ganuwar Kano. Maganar ba ta ƙamus kaɗai ba ce. Idan majinyaci ya ce jijiya ke damunsa, likita kuwa ya fahimci wata jijiyar dabam, to, magani ya kauce hanya.

Kafin zuwan Turawa

Tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa kasuwar Kurmi, masu sanin jiki da hannu su ne wanzamai da mahauta da maɗora. A bakinsu jijiya suna ne mai faɗi: da wadda jini ke bi, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ke kai ji ga gaɓoɓi, duk jijiya ce. Amma ba su rasa rarrabewa ba, domin sun ware agara da laka da sunayensu.

Malaman zaure kuwa ta Larabci suka shiga fagen, inda suka tarar da irƙ da warid da shiryan. Likitocin Musulunci irin su Ibn Sina sun raba jijiyoyin jini gida biyu: masu harbawa da marasa harbawa. Wannan rabo bai zama baƙo ga Bahaushe ba, tun da shi ma yakan ce jijiya tana harbawa.

Saiwar Latin

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, likitancin asibiti ya zo da nasa harshe, ya kuma zauna a babban asibitin birni da ke daura da Ƙofar Mata, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala Muhammad. Ɗaya daga cikin saiwoyin da aka gina sunayen hanyoyin jini a kansu ita ce vas, wadda a Latin ma'anarta mazubi, kamar tulu ko kasko. Ƙaraminsa shi ne vasculum, daga nan aka sami vascular, da cardiovascular mai nufin abin da ya shafi zuciya da hanyoyin jini tare.

Abin lura a nan shi ne, su ma Turawa ba da tsararrun kalmomi suka fara ba. Nervus ta Latin da neuron ta Girkanci asalinsu jijiyar ɗauri suke nufi. Arteria kuwa an daɗe ana zaton iska take ɗauka, sai da Galen ya nuna jini ne a ciki a ƙarni na 2, sa'an nan William Harvey ya bayyana kewayawar jini a 1628. Ita kanta vas ba ta tsaya ga jini ba, domin aikin da ake kira vasectomy bututun maniyyi ake yankewa. Mai fassarar da ya ce "yanke jijiya" ya ɓata ma'ana, ya kuma firgita mai sauraro. Ashe faɗin ma'anar jijiya ba naƙasa ba ne. Mataki ne da harsunan likitanci suka bi kafin masana su taƙaita su.

Aikin da ya rage

Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara abin da ke bakin jama'a. Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta fara daidaita kalmomin zamani, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta ɗora, har ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. A gefe guda jama'a ba su jira kowa ba: jijiyar jini da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki sun riga sun zauna a harshe.

Kammalawa

Shawararmu ita ce a bar jijiya a matsayin uwa, a bambanta 'ya'yanta da aikinsu: jijiyar kai jini ga wadda ke fita daga zuciya, jijiyar komo da jini ga mai komawa, jijiyar laka ga mai ɗaukar ji, a kuma faɗaɗa agara ta rufe jijiyoyin ɗauri. Sai dai ba a tabbatar da irin waɗannan kalmomi a zauren taro. A kai su gaban wanzami da mahauci da ma'aikaciyar jinya. Wadda suka ɗauka ba tare da an yi musu bayani ba, ita ce ta cancanci shiga ƙamus.