Kwaɗon da Aka Bar wa Makulli a Jiki: Tarihin Satar Saƙon Murya a Birtaniya

A watan Nuwamba na 2005, jaridar News of the World ta Landan ta buga wani gajeren labari game da raunin da Yarima William ya ji a gwiwa. Ƙalilan ne a fadar Birtaniya suka san da zancen, don haka zargi ya tashi, 'yan sanda suka shiga bincike. A watan Agusta na 2006 aka kama Clive Goodman, editan labaran masarauta na jaridar, tare da Glenn Mulcaire, mai binciken sirri da take biya. Laifinsu shi ne sauraron saƙonnin murya da ake bar wa hadiman fada a wayoyinsu. A Janairun 2007 aka ɗaure Goodman wata huɗu, Mulcaire wata shida.

Abin lura shi ne, babu wata gagarumar fasaha a cikin aikin. A wancan zamani, mutum kan iya kiran akwatin saƙonsa daga kowace waya, muddin ya danna lambar sirri. Kamfanoni kan ba da akwatin da lambar asali mai sauƙin cinkowa, irin su 0000 ko 1234, kuma jama'a da dama ba sa sauya ta. Inda mai waya ya yi hattara ya sauya, sai a bi ta bayan gida: a kira ofishin kamfanin, a yi shigar burtu da sunan ma'aikaci, a sa mai ikon gudanar da asusun ya mayar da lambar yadda take tun farko. Da ɗan gari akan ci gari, ko da ɗan garin bai san an yi amfani da shi ba.

Shekaru jaridar ta yi tana cewa laifin ɗan jarida ɗaya ne. Lamarin ya ƙazanta ranar 4 ga Yulin 2011, lokacin da jaridar Guardian ta bayyana cewa an saurari saƙonnin wata yarinya 'yar shekara 13 da aka sace aka kashe a 2002. Kwana shida bayan haka News of the World ta fito karo na ƙarshe, bayan shekara 168 tana kasuwa. Kwamitin bincike na Leveson ya biyo baya, kuma a 2014 aka yanke wa tsohon editanta Andy Coulson ɗaurin wata 18.

Kamfanonin waya sun ɗinke ɓarakar: suka hana shiga akwati daga nesa da lambar asali, suka riƙa sanar da mai waya idan an taɓa lambarsa. Sai dai darasin ya wuce wayar hannu. Duk ma'aikatar da ke da na'urar saƙon murya tana da mashigar gudanarwa, inda mutum ɗaya ke iya sauya lambar kowa. Tsaron akwati dubu bai wuce tsaron wannan mashiga ba: wa ke riƙe da kalmar sirrinta, an sauya ta kamfani kuwa, kuma ana rubuta sunan duk wanda ya shiga?