Daga Ruwan Bagaja zuwa Ruwan Kainji

 Yau hirar tamu a kan ruwa biyu take: ɗaya a cikin littafi, ɗaya kuma ana shiga jirgi a kansa a Yauri.

A 1933 wani Bature, Rupert East, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa daga Zariya. Cikin littattafan da gasar ta haifar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ku riƙe sunan nan na biyu, za mu dawo kansa.

Labarin Ruwan Bagaja kun san shi. Alhaji Imam ya bar Kwantagora, maƙwabciyar Yauri, neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki. Ya sha wuya, ya sha artabu da Malam Zurƙe, daga ƙarshe ya komo da ruwan, aka warke, shi kuma ya sami girma da dukiya. Abin da yaran makaranta suka taso da shi ke nan: akwai wani ruwa can nesa, in aka samo shi, ciwo ya ƙare.

To, bayan samun 'yanci a 1960, Najeriya ma ta tashi neman nata ruwan Bagajan. A 1964 aka soma gina madatsar Kainji a kan kogin Kwara, kuma Firayim Ministan lokacin shi ne marubucin nan, Tafawa Ɓalewa. Alkawarin ba ƙarami ba ne fa: lantarki ga ƙasa baki ɗaya, masana'antu, kifi, sufurin jiragen ruwa. Kamfanin Impregilo na Italiya ya yi aikin. Shi Ɓalewa bai ga ƙarshensa ba, an kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Aka kammala a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa.

Daga nan ne labarin ya rabu da na littafi. Ruwan Alhaji Imam bai tashi kowa daga gidansa ba. Na Kainji kuwa ya tashi mutum wajen 44,000. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibirin Foge ya nutse. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a tsibirai da bakin kogi, suna kallo fadamunsu suka koma ƙarƙashin tafki. Kambari da sauran mazauna gaɓar, daga ƙasar Ngaski har sama wajen Shanga, kowa ya ɗanɗana nasa rabon. Gwamnati ta gina musu sabbin ƙauyuka da gidajen bulo, gaskiya ne. Amma fadamar da kaka da kakanni suka san halinta, da maƙabarta, da mashigin da aka saba, waɗannan ba a gina su da siminti.

An samu amfani, kar mu yi rashin adalci. Kifi ya yi yawa a shekarun farko, masunta suka yi ta kwararowa, kasuwar Yelwa ta cika. Lantarkin Kainji ya haska birane, har Jamhuriyar Nijar ake tura shi ta Birnin Kebbi. Sai dai injuna 12 aka tsara, 8 aka kafa. Kifin ya ja baya daga baya. Ƙauyuka da dama a bakin tafkin suka daɗe suna kwana a duhu, ga rashin hanyar mota, dole sai jirgi. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, mutum fiye da ɗari suka salwanta. Allah Ya jiƙansu.

Su ma marubuta sun lura iska ta juya. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, a ƙarshen shekarun 1970, labarin matashi ne da ya bar ƙauye don ƙyalƙyalin birni, ya faɗa hannun miyagu. A 1982 ga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, inda mai arzikin gari ɗan fasa-ƙwauri ne, ga kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, cike da ta'asar da ta biyo bayan yaƙi. Jarumi yana fita nema kamar da, amma ya daina komowa da magani. Amurkawa ma suna da irinsa: The Great Gatsby na 1925, talakan da ya tara dukiya don cika burinsa, ya mutu kusan ba mai raka gawarsa.

Abin lura shi ne, kafin marubutanmu su rubuta wannan, mutanen gaɓar Kainji sun riga sun gani da idonsu tun 1968.

Don haka 'yan uwa, buri ba laifi ba ne, ƙasar da ba ta mafarki ba ta gina komai. Amma duk ranar da aka zo muku da sabon ruwan Bagaja, madatsa ce ko ma'adinai ko babban titi, ku tambaya tun kafin a soma: wa zai sha, wa kuma za a tasa? In kakanninku na cikin waɗanda aka tasa, ku je ku zauna da su, ku ɗauki muryarsu a waya tun suna raye, ku rubuto mana abin da suka ce.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.