Yadda Aka Koyi Auna Saurin Daskarewa

Masu haƙar gishiri a Balma sun daɗe da sanin cewa daskarewa tana da lokacinta. Ruwan gishiri yakan kwanta a rami cikin rana har ɓawo ya taso a samansa, sai a farfasa shi ya nutse, wani ya sake tasowa. Da irin wannan haƙuri ake samun beza da kantu, waɗanda ayarin raƙuma ya riƙa saukewa a kasuwannin ƙasar Hausa. Da ido da gogewa suka san lokacin. Mayar da shi lissafi kuwa, sai a ƙarni na 20, kuma a nesa da mu ƙwarai.

Abin da ake aunawa shi ne yadda narkakken abu yake jera ƙwayoyinsa cikin tsari, wato ya zama kiristal. Ba ya daskarewa a tashi ɗaya. Mu ɗauka an cinna wa busasshen daji wuta a wurare dabam-dabam: da fari ƙunar kaɗan ce, can sai ta haɓaka, daga bisani ta lafa domin kowace wuta ta ci karo da inda 'yar'uwarta ta riga ta cinye. Haka kiristal yake: tsiro, yaɗuwa, sannan cunkoso.

Wanda ya fara warware wannan da alƙalami shi ne Andrey Kolmogorov, masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, a 1937, kan daskarewar ƙarafa. Dabararsa abar sha'awa ce. Maimakon ya bi kowace ƙwaya yana aunawa, sai ya tambayi yiwuwar a ce wani ɗigo guda bai riga ya shiga hannun kowace ƙwaya ba. A 1939 William Johnson da Robert Mehl suka iso wuri guda a Amurka, kana Melvin Avrami na Jami'ar Kolombiya ya fitar da maƙalu uku daga 1939 zuwa 1941. Sunan Avrami ne ya bi lissafin, alhali Kolmogorov ya riga shi, sai dai da Rashanci ya wallafa. A ganinmu an ɗan ci haƙƙinsa, ko da yake yau akan haɗa sunayen huɗun a ce JMAK.

Roba ita ta wahalar da masana. Tun 1920 Hermann Staudinger ya dage cewa irin waɗannan abubuwa, da ake kira polima, dogayen sarƙoƙi ne, aka yi ta musu da shi kafin ya karɓi kyautar Nobel a 1953. To, yaya zaren da ya cukurkuɗe zai jeru? Lawrence Wood da Norman Bekkedahl, a hukumar awo ta Amurka, sun sa danƙon roba cikin kwalba mai siririn wuya, suka cika da zaiba. Da yake ɓangaren da ya jeru ya fi matsuwa, robar takan tsuke, zaibar ta riƙa sauka, su kuma suna rubuta lokaci. A 1946 suka nuna cewa roba ta fi saurin jeruwa a wajen digiri 25 ƙasa da sifili. In an fi haka ɗumi, tsiron ba ya kamawa da wuri; in an fi haka sanyi, sarƙoƙin sun sandare ba sa motsi. A 1957 Andrew Keller na Jami'ar Biristol ya nuna cewa sarƙar naɗewa take yi, kai da komowa, kamar yadda ake ninke rawani.

Kwalbar zaiba aikin jira ce. Da aka ƙirƙiro na'urar DSC a kamfanin Perkin-Elmer a 1962, sai awon ya koma kan zafi: duk abin da ke jeruwa yakan saki ɗumi, na'urar kuma tana auna shi a ɗan guntun da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Akwai inda lissafin ke tuntuɓe. An gina shi ne a kan abin da zai daskare duka, ita kuwa polima ba ta taɓa jeruwa gaba ɗaya. Lambar da ke nuna siffar yaɗuwa kamata ya yi ta fito cikakkiya, daga 1 zuwa 4, amma sau da yawa da ɓari take fitowa, kuma wasu masu bincike kan ɗora mata fassarar da ta fi ƙarfinta.

Duk da haka, sakamakon yana hannunmu kullum. Ledar polietilin tana jeruwa cikin gaggawa, shi ya sa take da ɗan hazo. Robar PET ta gorar ruwa kuwa mai nawa ce, ana sanyaya ta kafin manyan ƙwayoyi su tsiro, sai ta fito garau. Man kaɗe ma, in ya huce a hankali yakan yi tsaki-tsaki, kuma masu cakulan da ke sayen kaɗanyar Gana da Burkina Faso da irin wannan na'ura suke gwada yadda kitsensa ke daskarewa kafin su gauraya shi da man koko.